Tsohuwar Wagon a Lungunan Nima: Abin da Hoto Ba Ya Nuna wa Mai Saye

Ranar Laraba kasuwar unguwar Nima ta Accra ke ci. Tun da hantsi babban titin da ya ratsa unguwar ya kan cushe. Motocin hayar da ake kira tirotiro na sauke fasinja a tsakiyar hanya, 'yan mata masu dako na ratsawa da manyan tasoshi a ka, an jibge buhunan albasa da gero da wake har bakin kwata.

A cikin wannan turmutsitsi, jifa-jifa ido kan faɗa kan wata doguwar mota mai ɗagaggen baya: Fijo 504 wagon, wadda mutanen Ghana suka fi sani da karaban. Fenti ya koɗe, an ɗaure ƙofar baya da igiya, amma tana ɗauke da abin da ƙananan motocin zamani biyu ba za su ɗauka ba.

Shekaru talatin da suka wuce babu mai waiwayarta. Yanzu samari ne ke zaro waya su ɗauke ta hoto, wani ma ya leƙa ta taga ya tambayi direba ko ta sayarwa ce.

Masu wannan sha'awa ba su da yawa, amma ana jin motsinsu. Akwai masu ɗaukar bidiyon biki da ke neman tsohuwar mota don hoton ango da amarya. Akwai 'yan Zango, wato unguwanni irin su Nima, mazauna Bronx da Hamburg da Landan, waɗanda ke turo wa 'yan'uwa hotunan wasu dogayen motocin Amurka masu launin katako a gefe, suna tambayar nawa za a kashe a fito da ɗaya daga tashar jirgin ruwa ta Tema. A cikin duk tambayoyin da ya kamata a yi, wannan ce ƙarama.

Inda katakon ya samo asali

A farkon zamanin mota, kafinta ne ke gina rabin jikinta. A Amurka, otal-otal kan sa a ƙera musu motoci masu bodin katako don ɗauko baƙi da akwatunansu daga tashar jirgin ƙasa. A 1929 kamfanin Ford ya fara sayar da irin wannan mota da kansa, kuma ya mallaki dazuzzuka da masana'antar katako a Iron Mountain, cikin jihar Michigan.

Katako na son hidima, ƙarfe kuma ya fi arha a masana'anta. Buick ta 1953 ce wagon ta ƙarshe da manyan kamfanonin Amurka suka yi da katako na gaske. Abin da ya biyo baya kwaikwayo ne. Ford Country Squire, wadda aka yi ta ƙerawa har 1991, da Buick Roadmaster Estate, wadda ta tsaya a 1996, leda ce mai zanen itace aka manna musu a kan ƙarfe. Mafi yawan hotunan da ke yawo a wayoyi na waɗannan ne.

Ingila ta ɗan jima ba ta saki katako ba. Morris Minor Traveller, daga 1953 zuwa 1971, rabin bayanta a kan firam ɗin itacen ash yake tsaye. Idan itacen ya ruɓe, motar ce ta ruɓe.

Namu katakon a jikin Bedford yake

Duk wanda ya haura sittin a Nima ko Mamobi ya hau motar katako, sai dai ba irin ta hoton ba. Tun zamanin Turawa ake shigo da kan mota da shasi na Bedford, kafintocin gida su gina sauran: benci-benci a jere, rufi, ƙofar baya, sannan mai rubutu ya zo ya zana kirari ko addu'a a goshi.

Su ne suka yi jigilar goro da doya da shanu da mutane tsakanin Accra da Kumasi da Salaga da Tamale. Su ne kakannin tirotiro. Kuma su ne suka bar wa ƙasar wani ilmi da mai sha'awar wagon ta katako zai nema wata rana: yadda ake haɗa odum ko mahogani da ƙarfe ta yadda girgizar hanya ba za ta raba su ba.

Masu wannan ilmi sun tsufa. Itacen ma ya yi tsada a kasuwar katako ta Accra, domin dazuzzukan kudu ba kamar dā suke ba. Wani abin dariya shi ne, inda aka fi ƙwarewa a yau wajen sassaƙa mota da katako a yankin Accra shi ne Teshie, a shagunan da suka gaji kafinta Kane Kwei, inda ake ƙera akwatin gawa mai siffar Marsandi. Wannan kuwa ba cinikin mutanen Zango ba ne.

Fijo ce wagon ɗin Zango

Idan ana maganar tsohuwar wagon da ke da tarihi a waɗannan unguwanni, Fijo ake nufi. 404 ce ta fara buɗe hanya a shekarun 1960. Sai 504 ta fito a 1968, ta lashe kyautar motar shekara ta Turai a 1969, wagon ɗinta ta biyo baya a 1971. Akwai mai layin kujeru uku, wadda ke ɗaukar mutum bakwai ban da direba idan an matsa, kuma a tashoshinmu kullum ana matsawa.

Abin da ya sa ta karɓu a fili yake. Tana da tsayi daga ƙasa. Wagon ɗin na da sifirin huɗu a baya, biyu kowane gefe, don haka lodi ba ya durƙusar da ita da wuri. Injinta, mai kusan lita biyu, ba shi da wani sirri da bakanike mai sifana da sukundireba zai kasa ganowa. A 1975 wata 504 ta lashe gasar Safari ta Kenya, kuma a shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki. Faransa ta daina ƙera ta fasinja a 1983, amma Kenya ta ci gaba har 2004, Kaduna kuma har 2006.

Wannan ya shafi Zango kai tsaye. Hanyar Accra zuwa Aflao, Lome, Kwatano da Legas hanyar zumunci da fatauci ce ga Hausawa da Zabarmawa da Yarbawa da Kotokoli na Nima. Ta ga fita a Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar. Ta ga dawowa a 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori kimanin 'yan Ghana miliyan ɗaya daga Najeriya. Tsakanin waɗannan shekaru da bayansu, Fijo ce ke zirga-zirga a kanta da atamfa da turare da littattafan addini da amare.

Shi ya sa dattijo ba ya kallon 504 a matsayin kayan tarihi. A wurinsa motar neman abinci ce da ta tsufa. Saurayin da ke son ta don ado da dattijon da ke sayar da ita, kowa da motar da yake gani.

Ƙofar Tema ba ta buɗuwa da sauƙi

Mai son ya shigo da tsohuwa daga waje zai fara cin karo da doka.

Tun ranar 4 ga Agusta 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, shekaru biyu bayan Najeriya, kuma ba a yarda a shigo da mota mai sitiyari a dama ba. Wannan kaɗai ya fitar da mafi yawan Morris Traveller daga lissafi, tunda don titunan Ingila aka ƙera su. A kan iya sauya sitiyari, amma mota mai shekara sittin da aka huda mata gaba ta rasa rabin abin da ya sa ake son ta.

Sai batun shekaru. Motar da ta haura shekara goma tana biyan tara a kan kuɗin fito, kuma tarar na hawa da tsufa. Ga wadda ta wuce talatin da biyar, tarar na iya kaiwa kwatankwacin darajar motar. A 2020 majalisa ta yi dokar hana shigo da motocin da suka yi mummunan haɗari da waɗanda suka haura shekara goma, don ƙarfafa wa kamfanonin da ke haɗa motoci a cikin gida irin su Volkswagen. Dillalan motocin hannu suka yi ca, aka dakatar da aiwatarwa. Amma mai hankali ya san abin da aka rubuta aka ajiye yana iya tashi kowace shekara.

Haraji ma haka yake ta kai da kawo. A 2018 an sa wa motoci masu injin da ya kai lita uku harajin alfarma, aka soke a 2019. A 2024 an kawo harajin hayaƙi, aka soke a 2025. Wagon ɗin Amurka mai injin lita biyar tana cikin sahun farko duk lokacin da irin wannan tunani ya dawo.

Ga kuma sidi, kuɗin Ghana. Ana lissafin fito ne da dala. A 2022 sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi hamsin cikin ɗari a ƙarshen shekarar. Wanda ya ɗora mota a jirgi da lissafi ɗaya, ya tarar da wani lissafin a Tema.

Cinikin gida

Saboda haka mafi yawan masu nema a gida suke nema: a bayan wani gida a unguwar Kanda, a garejin wata tsohuwar ma'aikata, a hannun magada da ba su san yadda za su yi da motar mahaifinsu ba.

Nan ma akwai tarko, kuma na farko takarda ce. Motar da ta wuce hannu biyar, sau da yawa sunan mai ita na farko ne har yanzu a ofishin rajistar motoci na DVLA, shi kuwa ya daɗe da rasuwa. Idan ta gado ce, sai an tabbata duk magada sun yarda, domin a gidan da ke da ɗakuna huɗu, sa hannun ɗa ɗaya ba ya wadatarwa. Lambar shasi da ta inji dole su dace da abin da ke rubuce. Tsoffin Fijo da yawa an sauya musu inji, wasu da na Nissan ko Toyota, ba tare da an sanar da kowa ba.

Kanikawa kan ba da shawara ɗaya: kada a saye ta a kan fenti. Sabon fenti a jikin tsohuwar mota abin tuhuma ne. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba inda ƙafa ke sauka. A leƙa ƙarƙashin ƙofofi, da ramin tayar safaya, da inda sifirin ke zama. Ƙaramin maganaɗisu na tona asirin mai fenti, domin ba ya kama inda aka cike rami da fila. A tayar da injin da sassafe yana sanyi, kada a yarda mai sayarwa ya ɗumama shi kafin a iso.

Saye ta hoto kuwa, ɗan'uwa na Bronx ya turo kuɗi wani ya karɓa, cinikin biri a sama ne, kuma ya raba zumunci fiye da sau ɗaya.

Gishiri, gara da hunturu

Accra gari ne na bakin teku. Iskar da ke tasowa daga Osu da Jamestown ɗauke take da gishiri, kuma ba ta tsayawa a Ring Road. Fijo ɗin da za ta yi shekara arba'in a Bawku ko Maraɗi da lafiyayyen ƙarfe, a nan tsatsa na cin ta daga ƙasa.

Mota mai katako na gaske wahalarta biyu ce. Damina ta Mayu da Yuni na kumbura itace, ruwa ya shiga gaɓoɓi ya kwanta. Hunturun Disamba da Janairu ya busar da shi ya tsattsage. Gara kuma ba ta tambayar daga wace ƙasa itace ya zo. Dole a kankare a sake shafa banish a kai a kai, kuma dole motar ta kwana a ƙarƙashin rufi.

Mai leda ma ba ta tsira ba. Rana na ƙona zanen har ya yi fari, gefuna su ɓare, ruwa ya shige tsakanin leda da ƙarfe ya yi ta aikinsa a ɓoye.

Wasu kan kawo shawarar a samu Fijo a kai wa kafinta ya buga mata katako a gefe, a huta. A ganina wannan ɓata mota ne da ɓata itace. Kowace ƙusa ƙofa ce ga tsatsa, kuma 504 ba ta taɓa buƙatar ado na aro ba.

Masta ya tsufa, yaransa na kwamfuta ne

A Abossey Okai, babbar kasuwar kayan gyara ta Accra, abin da ke ci yau shi ne kayan Toyota da Hyundai da Kia da Nissan. Na Fijo 504 suna nan, amma sai an san shagon, kuma sau da yawa sai an jira a kawo daga Lome ko Legas. Fulogi da bel da kayan birki ba su da wuya. Gilashin baya na wagon, fitilun baya, robar ƙofa da ƙarfen ado, su ne ke sa mota ta yi wata uku a kan duwatsu.

Marsandi wagon ta zubin W123, wadda ta shigo kasuwa a 1978, da ƙanwarta W124, sun fi samun gata, domin har yanzu ana ƙera kayansu a waje. Ta Amurka kuwa, kusan kowane ƙaramin abu sai an yi oda, an biya jirgi, an biya fito. Hatta sifanar da za ta kwance ta daban ce, domin da yawan kusoshinta da inci aka auna su.

Abin da ya fi kayan gyara wuyar samu shi ne hannu. A Kokompe ta Darkuman da Suame Magazine ta Kumasi akwai sauran tsofaffin masu gareji da ke saita kafireto da kunne. Yaran da suke koyarwa sun taso ne da motocin da ake maƙala wa na'ura ta faɗi ciwonsu. Babu laifinsu, nan abinci yake. Amma duk mai tsohuwar mota ya san ranar da Masta, tsohon mai garejin, ya ajiye aiki, rabin lafiyar motarsa ta tafi da shi.

Sai mai. An daina sayar da fetur mai dalma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun 2006, kuma wasu injunan da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1970 suna buƙatar gyara a kai don su jure. Tun 2015 gwamnati ta sakar wa kasuwa farashin fetur. Wagon mai silinda takwas da ƙyar take yin kilomita shida da lita guda a cikin gari, balle a cunkoson mahaɗar titunan Circle.

Ina za ta kwana?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace kashe ciniki, kuma ita ce ba a yi sai bayan an biya.

Nima ta kafu ne a farkon shekarun 1930, a filin da Malam Amadu Futa ya samu daga iyalin Odoi Kwao, ta kuma girma a wajen iyakar hukumar birni, ba tare da an yanka mata tituna ba. Mamobi ma haka. Ban da 'yan manyan hanyoyi, sauran lunguna ne da mutum biyu ke gogar kafaɗa. Gidajen haya ne masu ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. Fijo wagon ta kusa mita biyar. Country Squire ta kai biyar da rabi.

Don haka mota kan kwana a bakin titi, ko a harabar makaranta, ko a gidan mai, a biya mai gadi. A bakin titi yara za su hau, mai shayi zai jingina bencinsa, wani zai cire madubi. Kusa da babbar kwatar Nima, wadda ke zuba cikin Odaw, akwai kuma ambaliya. Babu wanda ya manta daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ruwa da gobara suka kashe kimanin mutum 150 a Circle, suka kuma bar motoci birjik a kife.

Shi ya sa waɗanda suka fi iya riƙe irin wannan mota su ne 'yan Zangon da suka yi gini a Madina ko Adenta ko Kasoa. Motar na zuwa Nima ne ranar Juma'a ko ranar Sallah, ta yi gaisuwa ta koma.

Motar Alhaji, motar kowa

Akwai kuɗin da ba ya shiga kowane lissafi. A Zango, mota mai faɗin baya ta jama'a ce.

Idan naƙuda ta tashi da tsakar dare, ƙofar mai wagon ake ƙwanƙwasawa a tafi asibitin Mamobi. Idan za a kai kayan ɗakin amarya, ita ce. Tukwanen suna, tabarmin Maulidi, ragon layya, akwatunan mahajjaci zuwa filin jirgi, duk ita ce. Hajiya za ta aiko yaro ya ce ana gaida Alhaji, a taimaka da mota. Babu yadda za a yi a ce wa uwar maƙwabci motar ta ado ce, kujerunta ba sa son manja.

A nan ra'ayi ya rabu. Dattawa na ganin wannan ne amfanin mota, kuma ladan da ke ciki ya fi kuɗin shokazoba. Malamai kan tunatar cewa tara abin da ba a amfani da shi don a gani yana kusa da almubazzaranci. Matan gida na da nasu lissafin, wanda ya fi na kowa kaifi: kuɗin makaranta, haya da ake biya ta shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, sannan a ce an kai motar gareji karo na uku.

Matasan da ke sha'awar su kuma suna da hujja. Suna cewa unguwar da ba ta adana komai ba, wasu ne za su ba da labarinta. Suna cewa motar da aka gyara da kyau tana iya ciyar da kanta da hayar biki da fim da bidiyon mawaƙa. Akwai gaskiya a ciki, sai dai bukukuwan Asabar da Lahadi ne, gyara kuwa ba shi da rana.

Ni dai ina ganin wanda ya nace, ya nemi Fijo ko Marsandi mai takardu tsaf, ya fara samo mata wurin kwana da bakanike kafin ya taya, ya kuma ware kusan kwatankwacin kuɗin sayen don shekarar farko. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mai taya na ƙarshe

Yayin da masu sha'awa ke shawara, akwai wanda ba ya shawara: ɗan gwangwan, mai tura kura yana kiran kondem a lungu-lungu. Shi ba ya tambayar shekarar ƙira ko lambar shasi. Nauyi yake saye, kuma tsoffin motoci sun fi na yanzu kaurin ƙarfe, ga lagireto mai jan ƙarfe a ciki.

An rushe babbar kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie a Yulin 2021, amma sana'ar ba ta mutu ba, warwatsuwa ta yi zuwa wasu unguwanni. Masana'antun narka ƙarfe na Tema na nan suna saye, suna mayar da shi rodin gini.

Magadan da mota ta tare musu ƙofar gida shekara biyar, hukuma na barazanar janye ta daga bakin titi, ba za su jira ɗan'uwa na Hamburg ya gama tunani ba. Mutum uku da guduma da kurfi kan gama da Fijo wagon a yini ɗaya, kuma suna biya nan take.